Layin Zaure da Hannun Baba Idi

Akwai ranar da har gobe ba ta fita raina ba, ranar da na zauna a kujerar Baba Idi da ƙarfe ɗaya da rabi na rana, na ga abin da ya yi wata biyar yana faɗa ba wanda ya yarda da shi. Ku da kuka shigo aikin nan bayan an binne waya a ƙarƙashin ƙasa, kuke tsaki idan shafi ya yi jinkirin ƙiftawar ido, ku gyara zama ku ji yadda muka yi a zamanin da duk maganar da za ta fita daga Injamena sai ta hau sama tukuna.

Bayan shekara ta dubu biyu ne da 'yan shekaru. Ina aiki a wani ƙaramin kamfani da ke kafa faranti, wato parabol, a kan rufin ofisoshi don su sami intanet ta tauraron ɗan'adam. Ni teknisiyan ne mai mataki na biyu. A samana akwai shef, wato shugaban sashe, Abdulkarim, a samansa akwai darakta wanda ba ma gani sai idan abu ya ɓaci. Tsarin aikin ba shi da wuya. Idan mai layi ya kawo kuka, a buɗe masa takarda mai lamba, a miƙa wa teknisiyan, ya je ya auna, ya rubuta abin da ya gani, ya sa hannu, shef ya buga hatimi. Idan ba a sami komai ba, akwai haruffa uku na Faransanci da muke rubutawa, RAS, ma'ana babu abin faɗa.

Akwai kuma wata al'ada da ba a rubuta ta ko'ina ba, amma kowa a kanta yake. Awo da safe ake yin sa. Wanda ya san rufin kwano a garin nan ya san dalili: daga ƙarfe goma ya wuce, ko takalmin roba sai ya yi laushi a ƙafarka. Saboda haka da asuba muke fita, mu hau rufi, mu sauko mu auna layi, kafin sha ɗaya mun koma ofis muna shan shayi. Haka na tarar ana yi, haka na yi, ban taɓa tambayar kaina komai a kai ba.

Ni kuwa a lokacin, in faɗa muku gaskiya, rabin hankalina ba a ƙasa yake ba. Abokan aiki Mai Kallon Sama suke ce mini. Idan na hau rufi na gama ɗaure abin da zan ɗaure, sai in tsaya ina kallon inda farantin yake kallo. Ba ka ganin komai sai shuɗi, amma na san akwai wani ƙarfe a can, nisan kilomita kusan dubu talatin da shida, yana tsaye cak a wuri ɗaya kamar an rataye shi. Duk gaisuwar da mutum ya rubuta sai ta je wurinsa, ya mayar da ita ƙasa a wata nahiya, amsa ta sake hawa, ta sauko mana. Hawa biyu, sauka biyu, cikin abin da ya ɗan haura rabin sakan. Nakan yi minti goma ina wannan tunani, har sai direba ya danna hon daga ƙasa.

Cikin rufin da nake hawa, babu wanda nake so kamar na Alhaji Ɗahiru a unguwar Sabangali, don daga can ana hango kogin Shari. Alhaji ɗan kasuwa ne, yana shigo da janareto da tayil da kayan gini daga Dubai da Sin. Masu sayar masa da kayan kuwa dala suke karɓa. Shi kuwa sefa gare shi, ita kuma sefa a ɗaure take da yuro, don haka kullum sai ya juya yuro zuwa dala. Da farko ta waya da faks ake yi. Daga baya ya buɗe asusu a wurin wasu dillalan canji a Turai masu dandali a intanet. Farashi yana gudana a fuskar kwamfuta, yana hawa yana sauka. Idan ya kai inda kake so, ka danna. Saƙonka ya tafi Turai. In ya tarar da farashin bai motsa ba, ciniki ya faɗa. In ya tarar ya motsa, sai a dawo maka da wani ɗan akwati mai cewa farashi ya canja, ga sabo, ka yarda ko a'a. Sabon kuwa yawanci ba mai daɗi ba ne. Alhaji yakan ce shi ba caca yake yi ba, dalar biyan kaya yake saye, amma ko mai sayen gero ba ya son a ƙara masa farashi yana cikin miƙa hannu.

Mai dannawar shi ne Baba Idi. A lokacin ya haura hamsin da biyar. Tsohon ma'aikacin teles ne, wannan injin da ake buga saƙo da shi kafin zuwan faks, kuma tun Alhaji yana da rumfa ɗaya suke tare. Doguwar riga fara, hula a karkace, yatsu dogaye. Ba ya kallon maɓallai idan yana bugu. Mutanen ofis sukan ce yatsunsa sun riga idonsa gani, shi kuma ba ya musu, sai dai ya yi murmushi ya ci gaba da abin da yake yi.

Gidan Alhaji yana da wata ɗabi'a da sai na faɗa muku ita kafin labarin ya zauna. Kakansa da ƙafa ya taso daga ƙasar Katsina zai je Makka. Ya iso nan guzuri ya ƙare, ya tsaya ya nema, tsayuwar da ta zama aure da 'ya'ya da kabari. Ya bar wasiyya ɗaya: zauren gidan ba a rufe shi ga matafiyi, kuma wanda ya riga zuwa shi ake fara ba ruwa, ko mai gida ne a bayansa. Har lokacin da nake ba ku labari akwai randa biyu a zauren da ke jikin ofis. Da intanet ta zo, Alhaji ya ga mutanenmu suna wahala wajen aika takardu ga 'yan'uwansu a Jidda da Sudan da Damagaram, sai ya sa kwamfuta biyu da sikana mai ɗaukar hoton takarda a zauren, kyauta. Ni na ja wayar da hannuna. Na tambaye shi ko in ware wa ofis rabonsa daban.

Ya ce, "Kada ka bambanta, Habu. Yadda ake shan ruwa haka za a sha wannan."

Na bar akwatin da ke raba layin yadda ya zo daga masana'anta, wanda ya riga shiga ya riga fita. Na hau rufi na kalli kogi, na tafi abina.

Bayan kamar wata ɗaya takarda ta farko ta zo daga ofishin Alhaji: layi yana jinkiri, farashi yana kuɓucewa. Na je da ƙarfe takwas na safe. Akwai ɗan gwajin da muke kira ping, wato ka aika sallama zuwa wancan ɓangaren ka ƙirga lokacin da za a amsa. Na aika ɗari, duka suka dawo cikin ƙasa da sakan ɗaya. Na rubuta RAS. Damina ta kankama, takarda ta biyu ta zo. Na ce ƙila hadari ne, don ruwa mai ƙarfi yakan taɓa faranti. Na je da safe, sama garau, layi garau. RAS. Ta uku ma haka. A ta ukun har na ƙara da layi ɗaya na gwaninta, cewa a duba ɓangaren mai amfani. Na ji daɗin wannan jimla lokacin da na rubuta ta, don ta yi kama da maganar manyan injiniyoyi.

Ƙarshen damina aka sake turo ni, amma wannan karon ba kuka ba ne. An ce in ja sabuwar waya zuwa wani tebur a ɗakin canji. Na tarar da Alhaji a tsaye, takarduna uku a hannunsa, kowace da sa hannuna da hatimin shef.

Ya ce, "Akwai wanda zai zo daga Duwala ƙarshen wata, ya yi karatun abin. Shi zai riƙe canji. Idi zai koma sito yana duba masu lodi."

Ya rage murya, ko da yake Baba Idi yana nan zaune taku huɗu daga inda muke. "Shekara talatin muna tare. Ba na son wannan. Amma kun auna sau uku kun ce layi lafiya. In layi lafiya, to saura me? Girma ne ya zo. Kowa zai same shi."

Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe." Me zan ce? Takarduna ne.

Na durƙusa ina buga ƙusoshin waya a jikin bango. Wajen sha ɗaya na kusa gamawa. Sai Baba Idi ya juyo da kujerarsa.

"Habu, kai kullum da safe muke ganinka, kamar mai kawo madara. Ka taɓa cin abincin rana a gidan nan?"

"Ban taɓa ba, Baba."

"To yau ka tsaya. Ana yin miyar kuɓewa da kifin Shari. Mu yi Azahar tare, ka ci, sai ka tafi."

Na so in zame, don shayin ofis yana jirana. Amma dattijo ya gayyace ka cin abinci a makon da aka ce za a sauke shi daga kujerarsa, da wane baki za ka ce a'a? Na sallami direba. Sai daga baya na gane cewa mutumin nan ba zai taɓa iya duban idona ya ce awona ba daidai ba ne. Abin da ya iya shi ne ya kira ni cin tuwo.

Muka yi salla a masallacin unguwa. Da aka sallame, sai na ga abin da ban taɓa gani ba, don ban taɓa kaiwa wannan lokaci a gidan ba. Jama'a suka biyo Alhaji zuwa zaure kamar an kora su. Lokacin shirin aikin Hajji ne, kowa da ambulan a hannu. Tsofaffi daga unguwar Ridina, fatake 'yan Nijar, mata biyu da fasfo a ƙulle cikin gefen mayafi. Suka sha ruwa, suka yi layi a gaban sikana. Kowane fasfo a ɗauki hotonsa, kowane hoto a aika Jidda.

Baba Idi ya taɓa kafaɗata. "Kafin a kawo abinci, zo ka zauna a nan. Yanzu Amurka take farkawa, yanzu farashi yake gudu. Yi sallamar nan taka mu ji."

Na zauna a kujerarsa. Na aika ping. Na jira. Amsar da na saba gani kafin in ɗauke yatsa, sai da na ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, sannan ta dawo. Ta biyu ta fi haka. Ta uku ba ta dawo ba sam. A gefe farashi yana tsalle a fuskar kwamfuta, kuma na san wanda muke gani ma tsoho ne, ya riga ya wuce a can Turai. Ta taga ina jin sikana tana kuka a zaure, zuuu, ta tsaya, zuuu.

Hanyar da saƙo yake bi ya hau sama ƙunci gare ta ƙwarai a wancan zamani. Hoton fasfo ɗaya ya isa ya cika ta na tsawon lokaci, ga shi kuwa ana jera su ɗaya bayan ɗaya. Saƙon Baba Idi, ɗan mitsitsi da bai kai layi biyu na rubutu ba, sai ya zo ya tsaya a bayan dukansu yana jira, don kuwa haka na bar akwatin da ke raba layi. Da safe zaure babu kowa, shi ya sa awona yake fitowa fes. Mutumin nan yana dannawa a kan lokaci. Ni ne na sa shi a bayan layi, na dawo na rubuta cewa a duba shi.

Aka kawo tuwo. Ban san ɗanɗanonsa ba. Baba Idi yana ta tura mini tsokar kifi yana cewa in ci, bai tambaye ni abin da na gani ba.

Da na koma ofis na shiga wurin shef na zayyana masa komai. Abdulkarim mutum ne mai kirki, amma hatiminsa yana kan takardun nan uku kamar yadda sa hannuna yake.

Ya ce, "Ma fi mushkila, ba matsala. Rubuta cewa cunkoso ne daga wurin mai layi. Gaskiya ce ai. Ka ba shi shawara ya rufe na zaure, khalas, shi ke nan."

Na ce, "Shef, takardun baya fa? Da su za a sauke mutum."

Ya daɗe yana juya biro a hannu. Sannan ya ce, "Kai ka auna, kai za ka je ka faɗa da bakinka. Ni zan buga hatimi a kan abin da ka rubuta. Amma daga yau ka rubuta ƙarfe nawa ka yi awon."

Kwana uku na yi ina zuwa Sabangali, ina zama daga safe zuwa La'asar, ina awo duk rabin awa ina rubutawa a littafi. A nan na gano abu na biyu. Farantin Alhaji yana magana ne da tauraron da tasharsa ta ƙasa take Amurka. Wato saƙo ya hau sama, ya sauka Amurka, sannan ya bi wayar ƙarƙashin teku ya koma Turai inda dillalan suke. Na zauna ina bin wannan hanya da yatsa a kan taswirar da ke bangon ofis, ina mamakin yawon da ɗan saƙon nan yake sha. Yana ratsa teku sau biyu a zuwa, sau biyu a dawowa, alhali mu da muka aike shi ko Kusiri da ke tsallaken kogi sai mun yi shiri kafin mu je.

A rana ta huɗu na nemi ganin Alhaji. Na ajiye littafin a gabansa, na ce takardun da ke hannunsa ni na yi kuskurensu, hannun Baba Idi ba shi da laifi. Na nuna masa awon safe da na bayan Azahar. Ya daɗe yana kallo.

"To mene ne maganin?"

"Mafi sauƙi, ranka ya daɗe, a kashe na zaure daga ƙarfe ɗaya zuwa huɗu."

Fuskarsa ta canja. "A'a. Wannan lokacin ne suke da shi. In rufe wa maniyyaci ƙofa don in sayi dala? Faɗi wani."

"Akwai wani. Kowa ya ci gaba da aikinsa, amma a koya wa akwatin ya gane saƙon Baba Idi, duk lokacin da ya zo a ba shi hanya ya wuce gaba."

"Wato in sa baƙo ya tsaya a bayana. A gidan nan." Ya girgiza kai. "Kai ka san abin da aka bar mana."

Sai na tuna gadar Ngeli, wadda shi da kansa yake bi kusan kowane mako. Na ce, "Alhaji, idan manyan motoci suka yi layi a bakin gada, mai tafiya da ƙafa yakan ratsa ta gefe ya wuce. Akwai direban da ya taɓa cewa an ci masa wuri? Saƙon Baba Idi mai ƙafa ne. Hoton fasfo zai makara da abin da ko mai shi ba zai sani ba."

Ya ce, "Ko da ba za su sani ba, ni na sani. Haƙƙinsu ne. Sai na tambaye su."

Na ɗauka wasa yake yi. Washegari bayan Azahar, da zaure ya cika, Alhaji Ɗahiru ya miƙe tsaye a gaban randa, ya yi sallama, ya yi bayani da Hausa, ya maimaita da Larabci don waɗanda Hausarsu ta yi rauni. Ya ce akwai dattijo a ciki da aikinsa yake neman kuɓucewa saboda jira, yana roƙon su yarda saƙonsa ya riƙa wuce nasu. Yawancinsu ba su taɓa sanin akwai wani layi bayan wanda suke tsaye a kai ba. Can wata tsohuwa da ke zaune a bakin ƙofa da ambulan a cinya ta ce, "Alhaji, shekarata sittin ina jiran tafiyar nan. Ƙiftawar ido ce za ta dame ni? A bar bawan Allah ya wuce." Aka yi dariya, aka ce an yarda, aka yi fatiha a kai. A duk shekarun da na yi ina wannan aiki, shi ne kaɗai gyaran layi da na ga an shafa wa fatiha.

Aikin kansa kwana biyu ya ɗauka. Na farko na zauna da akwatin raba layi, wanda muke kira ruta, na yi masa layuka biyu: ɗaya na dandalin canji, shi ne gaba kullum, ɗaya na sauran komai, kuma na ƙayyade yawan abin da zaure zai iya turawa a lokaci guda don kada hanyar ta sake cika maƙil. Na kashe wasu abubuwa da kwamfutocin ofis suke saukowa da su da kansu ba wanda ya aike su. Shef kuma ya nemo mana izinin komawa wani tauraro mai tasha a Turai, kusa da dillalan.

Rana ta biyu da hantsi na hau rufi don juya faranti. Kogi ya cika har ya shanye tsibiran yashi, masunta suna tafe a jiragensu ba sa ko tuƙi, ruwa ne yake kai su. Na kwance ƙusoshi, na dafa gefen farantin, na fara tura shi kaɗan kaɗan, ina sauraron na'urar awo da ke rataye a wuyana. Tana yin ƙara siririya, idan ka kusanci tauraro ƙarar ta ƙaru. Ka ratsa wurare da yawa da babu komai, shiru kawai, sannan ka ji wani ya ɗan yi magana, ka duba ka ga ba shi kake nema ba, ka wuce. Na ji kamar ina bin ƙofofin wata unguwa a sama ina sallama. Da na dace da namu, ƙarar ta miƙe ta tsaya. Na ɗaure ƙusoshi a hankali, ina riƙe numfashi, don kaucewar da ba ta kai faɗin farce ba a nan, a can sama tafiyar kwanaki ce. Ranar ban tsaya kallon komai ba bayan na gama, na sauko da sauri.

Aka yi Azahar. Zaure ya cika kamar kullum, sikana ta fara kukanta. Alhaji ya shigo ɗakin canji ya tsaya a bayan kujera, ni ina gefe da littafi. Na aika ping. Ta dawo cikin ɗan abin da ya haura rabin sakan. Na sake, haka. Sau hamsin, ba wadda ta kauce. Ƙasa da haka kuwa ba mai iya saukar da shi muddin sai an hau sama, na faɗa wa Alhaji wannan tun farko don kada ya sa rai da abin da babu.

Alhaji ya faɗi farashin da yake so. Baba Idi ya ɗora yatsu a kan maɓallai. Lambobi suna gudu, suka matso, suka ja baya, suka sake matsowa. Ya danna. Akwatin nan mai cewa farashi ya canja bai fito ba. Ciniki ya faɗa a inda ya danna. Bayan rabin awa aka sake, ya faɗa. Kafin La'asar sau biyar aka yi, ɗaya kawai ya kuɓuce, shi ma kasuwa ce ta yi tsalle.

Alhaji ya cire hularsa ya mayar. Ya ce, "Idi, ka yafe mini." Baba Idi ya ce, "Haba Alhaji, ba komai." Alhaji ya fita yana cewa a nemo masa Duwala a waya, yana da haƙurin da zai ba wani.

Aka bar ni da shi. Na durƙusa a gefen kujerarsa na ce, "Baba, ni ne ya kamata in nemi gafara. Takarduna ne suka ja maka."

Ya ɗaga hannunsa na dama yana juya shi, yana kallon ciki da baya, yana lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Ka san, Habu, da farko na tabbata layi ne. Da takarda ta biyu ta zo na fara shakka. Da ta uku ta zo, na ce masu ilimi sun auna, ni wane ne. Na kira ka cin tuwo ne don in ji ta bakin na'ura sau ɗaya a gabana, in haƙura." Ya ɗan yi dariya. "Kullum da safe sai na shafa wa hannun nan man zafi. Na daina tuƙa babur. An haifa mini jika a unguwar Mursal da farkon damina, mace, sunan mahaifiyata aka sa mata. Duk lokacin da aka miƙo mini ita sai in ce rigata ba ta da tsabta. Tsoro nake ji kada ta suɓuce mini."

Na kasa ɗaga kai. Ya miƙe, ya gyara hula, ya ɗauki takalmansa.

"Idan Alhaji ya tambaya, ka ce na tafi Mursal. Yau zan ɗauke ta."

Baba Idi ya ƙara shekara huɗu a kan wannan kujera kafin ya ajiye da kansa. Ni kuma abin da na ɗauka daga ranar ba shi da yawa, amma ya ishe ni har na yi ritaya. Na'ura ba ta yi mini ƙarya ba, abin da na tambaye ta ta faɗa, a lokacin da na ga dama na tambaya. Mutanen da muke yi wa aiki kuwa suna yarda da takardarmu fiye da yadda suke yarda da jikinsu, musamman masu kunya da kawaici, waɗanda ba za su taɓa ɗaga murya su ce mun yi kuskure ba. Shi ya sa idan kun kawo mini rahoto babu lokaci a kansa nake mayar da ku, kuna ta gunaguni kuna cewa tsohon nan ya cika fitina. Ku tambayi mai kuka ƙarfe nawa abin yake samunsa, ku je a wannan lokacin ko rana tana tsakiyar ka, ku zauna a kujerarsa. Ni haruffa uku na rubuta cikin minti ɗaya don in koma shan shayi, wani ya yi wata biyar bai ɗauki jikarsa ba.